Yara tara a keke napep ɗaya: wai waye ke duba makarantun unguwa ne a Bauchi?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo, abin ya daɗe yana cina a rai.

Ni a bayan gari nake zaune, hanyar Dass in an wuce Yelwa, irin sababbin unguwannin nan da gidaje ke ta tsirowa kamar ciyawar damina amma ba ka ganin komai na gwamnati, fol ɗin wuta ma mu muka yi karo-karo muka kafa. Akwai firamaren gwamnati kusa da mu, tafiyar minti goma a ƙafa, ba zan kama suna ba. Gini biyu ne a ciki. Ɗaya iska ta yaye kwanonsa tun daminar bara waccan, har yau yana nan a buɗe awaki ke kwana a ciki, ɗayan kuma sabo fil an shafa mishi fenti har da allon ɗan kwangila a bakin ƙofa, amma in ka leƙa yara a ƙasa suke zaune kan buhu. Ummi ta yi shekara uku a wurin ba ta iya haɗa baƙi ba, sunanta kawai take rubutawa shi ma a karkace. Shi ya sa na cire yarana su uku na mai da su wata makarantar gwamnatin a cikin gari wadda ake yabo.

To ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Yanzu mai keke ke kai su ya ɗauko su, mu iyaye huɗu muka haɗu muke biyansa duk wata. Yara tara yake ɗauka. Huɗu a baya, uku a kan cinyarsu, biyu a gaba hagu da dama da shi, jakunkuna an ɗaure a baya da igiyar roba. Ranar Talatar da ta wuce taya ta faɗa rami wajen wata kwalbati, keken ya karkata, ƙaramin yarona da ke gaba ya zame ƙafarsa ta gurzu a kwalta. Allah ya taƙaita, kemis kawai muka je aka wanke aka naɗe, amma wlh tun ranar in suka fita da safe ba na samun sukuni sai na ji sallamarsu.

Tambayata, wai waye alhakin duba makarantun unguwa yake wuyansa? Ƙaramar hukuma ce ko jiha ko Abuja? Kuma kullum a rediyo muna jin an ware biliyan kaza wa ilimi, ina suke shiga? Sannan babu wata doka ne a kan yadda ake jigilar 'yan makaranta, ko kowa tasa ta fisshe shi? Masu sani ku taimaka mana.

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Allah ya ba yaro lafiya, ya kiyaye gaba.

Na yi shekara 35 ina riƙe da alli kafin na ajiye aiki, goma sha biyun ƙarshe a kujerar hedimasta, don haka bari in ɗan warware maka yadda abin yake a takarda, sannan in gaya maka yadda yake a ƙasa, don hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Firamare da ƙaramar sakandare, wato shekara tara na farko, suna ƙarƙashin SUBEB ne, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha. A kowace ƙaramar hukuma, mu nan Bauchi guda 20 ne, akwai ofishin ilimi da ake kira LGEA, shugabansa shi ne sakataren ilimi da muke ce wa ES, a ƙarƙashinsa akwai jami'an da aikinsu kenan zagaya makarantu. A sama can Abuja akwai UBEC, wato hukumar ilimin matakin farko ta ƙasa. Dokar da ta kafa ta ta 2004 ce, ta ce a riƙa ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, amma jiha ba ta taɓa babban kason kuɗin sai ta ajiye nata daidai da shi, naira da naira, shi ya sa kake jin ana cewa kuɗin wasu jihohi na kwance a Abuja ba su je sun ɗauka ba. Kuma mafi yawan wannan kuɗin gini ne da benci. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi.

Ka ga a takarda babu makarantar da ba ta da mai duba ta. To amma.

Lokacin da na fara aiki, sufeto ba ya sanarwa. Ƙarar babur ɗinsa kawai za ka ji ya doso, kan ka ce kwabo kowane malami ya gyara tsayuwa. Zai zauna a bayan aji ya ji darasinka daga farko har ƙarshe, ya karɓi littafin shirin darasi ya sa jan biro, ya ƙirga yara da kansa ya gwada da rajista, ya ɗaga yaro ɗaya daga can lungu ya ce karanta min nan. In yaron ya kasa kai za ka sha kunya ba yaron ba. A shekarun ƙarshe na aikina kuwa, sufeton sai dai ya bugo min waya, ranka ya daɗe Hedimasta ba ni da mai a mashin, in za ka shigo gari ka taho min da littafin ziyara in sa hannu. Ban ga laifinsa sosai ba, mutum ɗaya an jibga mishi makarantu barkatai wasu sai ka tsallaka rafi, ba mashin na ofis ba kuɗin mai, daga albashinsa zai cire? Amma fa a takarda an ziyarci makarantata. Rahoto ya tafi sama cewa komai lafiya.

Batun gini biyun da ka faɗa dariya ya ba ni, dariyar takaici. Sabon gini kwangila ne, akwai allo, akwai hoto, akwai yanka kintinkiri. Mai da kwano bandir uku da kusa da kafinta kuwa wa zai zo ɗaukar hoto? Kuɗin gyaran bai kai a kira shi kwangila ba, kuma ya fi ƙarfin aljihun hedimasta, sai ya faɗa tsakiya ya zama na ba kowa.

Kan jigila kuma, dokar ta lissafa abin da yaro zai samu kyauta, littattafai, kayan koyarwa, aji, kujeru, har da abincin rana, amma babu mota a ciki, don tunanin shi ne makaranta na kusa da gida yaro zai taka da ƙafarsa. Don haka ni a ganina damuwarka ba ta keke ba ce Baban Ummi. Waccan makarantar ta minti goma ita ce damuwarka. Da tana aiki da ba ka san mai keke ba.

Ka bincika ko akwai SBMC a makarantar, kwamitin al'umma ne, mai unguwa na ciki, da limami, da wakilan iyaye mata, da hedimasta. Daban yake da PTA. Ta nan ake shiga.

Ɗan Keke Wunti:

Salam. Ni sana'ata kenan kuma ina jigilar 'yan makaranta, so bari in faɗi namu ɓangaren kafin a gama yanke mana hukunci lol

Alhaji Allah ya ba yaro lafiya, gsky ban ji daɗi ba. Amma ka yi lissafi da kanka. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, rana ɗaya aka ce an cire tallafi ta haura 500, akwai lokacin da muka sha ta sama da dubu. Keken ba nawa ba ne kullum sai na kai wa mai shi balas ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ga tikitin ƙungiya ga baƙin mai ga taya ga faci. Jigilar yara kuma ba kamar fasinja ba ce da zai tsaya bakin titi ya ɗaga hannu, gida-gida kake bi cikin lungu da ƙarfe shida da rabi, ka yi ta hon, a aiko maka wai ka ɗan jira ana ɗaura mishi takalmi, wani ma lokacin ake dama kokonsa, wani an nemi safa ɗaya an rasa, kai kuma kana kallon lokacin da ma'aikata ke fita yana wuce ka wanda nan ne cinikin safe yake. Da rana ka bar duk abin da kake ka je ka tsaya bakin get cikin zafin nan ka ƙirga su kamar 'yan tsaki, ɗaya ya ɓace ya tafi sayen alawa sai ka bi shi.

Ni na taɓa cewa iyayen da nake wa aiki zan rage yara su koma biyar amma kowa zai ƙara kuɗi. Wlh ba wanda ya yarda, wata ma cewa ta yi ai yara ne ba su da nauyi. Ga wanda zai yi wata biyu bai biya ba in ka yi magana ya ce ai ba a yi albashi ba. To ya za mu yi. In bera da sata daddawa ma da wari.

Abu ɗaya dai da na yarda da shi, sa yaro a gaba kusa da direba ganganci ne, ni na daina tun da na ga abin da ya faru da wani abokin aikina. Ka gaya wa naku ya daina ko da zai yi sawu biyu ne.

Maman Khalifa:

Sannu Baban Ummi, Allah ya tsare mana zuri'a.

Ni daga Gombe nake, wajen Tumfure, amma kamar labarinmu kake bayarwa. Kuma kar ku ɗauka makarantun kuɗi sun fi, bas ɗin da ke ɗaukar ɗan ƙanwata ƙofarsa da igiya ake ɗaure ta, yara a cushe har kan injin, ba wata anti a ciki mai kula da su sai direba shi kaɗai yana tuƙi yana tsawa. Alhali 'yan Rod Sefti suna da ƙa'idojinsu na motar 'yan makaranta har da launin ruwan ɗorawa da ya kamata a shafa mata, kuma lodin da ya wuce kima laifi ne ko a keke ko a bas. Sai dai wa zai tare keke cike da yara ƙarfe bakwai na safe ya sauke su a titi, ya kai su ina?

Abin da Baba Hedimasta ya faɗa na SBMC gaskiya ne, ni ina cikin na makarantar unguwarmu shekara uku kenan, kujerar wakiliyar iyaye mata. Yadda na shiga ma abin dariya ne, zuwa na yi yin faɗa a kan kuɗin jarabawa da aka ce yara su kawo, sai hedimastan ya ce Hajiya tunda kina da baki haka ga kujera nan ba kowa a kai. Ashe kwamitin sunaye ne kawai a takarda, wasu a ciki ma ba su san an rubuta su ba, ɗaya ya rasu da jimawa.

Abin da muka yi, muka zauna muka ƙirga komai da hannunmu. Yara nawa a rajista, nawa ke zuwa a zahiri, benci nawa mai ƙafa huɗu, malamai nawa aka turo nawa muke gani da ido. Sati biyu muna yi, kullum mace ɗaya za ta je ta zauna ƙarƙashin bishiyar darbejiya da ɗan littafinta kamar mai jiran yaro. Nan muka gano akwai malama biyu da sunansu ke jikin allon ofis amma yara ba su san fuskarsu ba. Muka ɗauki hoton ajin da ke yoyo ranar da ake ruwa, ba bayan an ɗauke ba, yara sun takure a kusurwa ɗaya littattafai a cikin riga. Muka rubuta takarda mai unguwa ya sa hannu da hatimi, liman ya sa, muka yi kwafi uku, kuma ga abin da nake so ka riƙe, duk ofishin da ka kai takarda kar ka fito sai an buga maka sitam a kan kwafinka an rubuta kwanan wata. In ba haka ba ka dawo a ce ba a ga takardarka ba.

Sau biyar muna komawa. Wani zuwan a ce oga ya tafi taro, wani a ce ku dawo bayan sallah. Wata takwas aka yi sannan aka kawo mana benci arba'in, kwanon kuwa shiru, ƙarshe wani ɗan kasuwa a unguwar ya saya matasa suka hau suka buga. Malaman nan biyu ɗaya ta dawo aiki ɗaya aka canza mata wuri. Ba wani abin a zo a gani ba ne amma Khalifa yanzu da ƙafa yake tafiya kuma yana karanta min saƙon waya.

Wanda ya fi ci min rai shi ne 'yan mata. Yarinya ta gama aji shida, ƙaramar sakandare na da nisa, uba ya lissafa kuɗin keke kullum zuwa da dawowa ya ga ba zai iya ba, ga tsoron hanya, shi kenan sai a ɗora mata farantin talla. A layinmu kaɗai na san uku.

Abba Lissafi:

Baba Hedimasta ya gama magana, ƙari kawai zan yi kan biliyoyin da ake ji a rediyo.

Abin da ake karantawa ranar gabatar da kasafi alkawari ne, ba kuɗi ba ne a hannu. Akwai abin da aka ware, akwai abin da aka saki, akwai abin da ya isa makaranta, uku ne daban-daban kuma kowanne ya fi na bayansa ƙiba. Sannan kalmar ilimi a kasafi ta haɗa da jami'ar jiha da kwalejoji da kuɗin jarabawar WAEC da NECO da ciyar da makarantun kwana da albashi, kafin a zo kan firamaren unguwarku. Kashi 26 ɗin nan ma da 'yan siyasa ke yawan cewa wai UNESCO ta ce a ware wa ilimi a kasafi, abin da aka amince da shi a 2015 kashi 15 zuwa 20 ne na abin da gwamnati ke kashewa. Amma ko 30 aka rubuta in ba a saki ba sunansa rubutu.

Jihohi yanzu suna saka kasafinsu a intanet har da rahoton abin da aka kashe duk wata uku, ko a waya za ka iya saukewa ka nemi sunan mazaɓarku. Allon ɗan kwangilar nan da ke bakin makarantarku ka ɗauki hotonsa, yawanci akwai shekarar aikin da hukumar da ta bayar, ka tambaya ko aikin ya haɗa da benci, don sau da yawa gini da kujeru tare ake bayarwa. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da ta ce a ba ka amsa cikin kwana bakwai. Kuma kar ka manta da ɗan majalisar jiha na mazaɓarku, sa ido kan yadda ake kashe kuɗin nan aikinsu ne, ba rabon shinkafa ba.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, malaman firamare da yawa ma tsorata suka yi da jin haka don sun tuna zamanin da ciyaman ke riƙe albashi wata da watanni.

Gaskiya Ɗaci:

Hmm. Duk wannan dogon turancin. Wanda zai duba makarantar ɗansa na ciki ne? Ɗan ES na makarantar kuɗi, ɗan kansila na makarantar kuɗi, kai har malamin da ke koyarwa a wurin in ya samu hali can yake kai nasa. Baban Ummi kai ma ai cire naka ka yi ka gudu, duk mai baki a unguwar ya kwashe nasa an bar 'ya'yan waɗanda ba su san ƙofar ofis ba. To wa zai yi magana?

Tsohon Hedimasta:

Ɗana Gaskiya Ɗaci, bakinka da kaifi amma ba ka yi ƙarya ba. Ni kaina autana a makarantar kuɗi ya gama, kuma ina hedimasta a lokacin, har yau in na tuna sai in ji wani iri. Na lura duk shekarar da nake da 'ya'yan ma'aikata ko biyar ne a makaranta, malamai ba sa latti, don sun san akwai uban da zai iya ɗaga waya. Ranar da na ƙarshensu ya tafi, ranar aka fara zuwa ƙarfe tara.

Abba ka yi daidai kan benci. Na taɓa karɓar sabon gini aka ce in sa hannu cewa an kawo kujeru cikakku, na ce sai na ƙirga. Ɗan kwangilar ya yi fushi ya ce Malam kai kaɗai ne mai tsoron Allah a jihar nan? Na ƙirga dai, babu kusan rabi. Bayan sati uku sai ga sauran a bayan akori-kura, ɗanyen katako ko fenti babu.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Gaskiya Ɗaci ka taɓa ni inda ke min ciwo, ban da amsa.

Jiya bayan la'asar na je wajen mai unguwa, ya ce shi dai ya san an taɓa kawo mishi wata takarda ya sa hannu shekarun baya amma ba a taɓa kiransa zama ba. Yau da safe na biya makarantar kafin in wuce kasuwa. Hedimastan mutumin kirki ne ashe, ya buɗe durowa ya nuna min kwafin takardu huɗu da ya rubuta a kan kwanon nan, babu wadda ke da sitam ko ɗaya, Hajiya Maman Khalifa kamar kin sani. Ya ce malamai bakwai gare shi a rubuce, na ga huɗu. Na ɗauki hoton allon kamar yadda Abba ya ce, ruwa ya cinye rabin rubutun amma ana ganin shekarar.

Mun sa zama ranar Asabar bayan sallar asuba a ƙofar gidan mai unguwa, liman zai yi sanarwa a masallaci. Mai keke kuma mun yi da shi zai riƙa sawu biyu, ba yaro a gaba, kowane gida zai ƙara dubu biyu a wata, uba ɗaya ya ce shi ba zai iya ba zai mai da nasa biyun makarantar unguwa tun yanzu.

Hajiya dan Allah in kina da kwafin takardar da kuka rubuta ki turo min ta inbox in ga yadda ake tsara ta, Hausa kuka yi ko Turanci?